Madatsar Ruwa ta Kafin Zaki da Alhakin da Ke Wuyan Wakilan Jama'a



Duk wanda ya taɓa sauka bakin kogi a ƙasar Gwaram cikin watan Maris zai tarar da yashi shimfiɗe iya ganinsa, da ɗan ruwa kwance nan da can, har ya yi tsammanin kogin ya mutu. Amma in ya dubi gefe zai ga lambuna kore shar, da injinan ban ruwa suna ta ƙara, da garken shanu suna gangarowa mashaya. Ruwan yana nan ƙarƙashin yashi da ƙarƙashin fadama, domin ambaliyar damina ce take cika shi kowace shekara. Wannan kogi, wanda mutanen sama suke kira Bunga, na ƙasa kuma suke kira Jama'are, daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratsa ƙasar Ningi, ya shigo kudancin Jihar Jigawa, ya sake komawa Jihar Bauchi ta wajen Jama'are da Katagum, kana ya sadu da Kogin Hadeja kusa da Gashuwa, su zama Kogin Yobe mai zuba cikin Tafkin Cadi. A kan wannan kogi ne, a Kafin Zaki ta ƙasar Ningi, aka yi fiye da shekara 40 ana niyyar gina madatsar ruwa, har yau kuwa ba a gina ba. Abin da nake so mu duba yau shi ne dalilin da ya sa mutane suke ƙin aikin da aka ce don amfaninsu za a yi, da kuma wanda ya kamata mutumin Gwaram ko na Birnin Kudu ya riƙe in maganar ta sake tasowa.

Tunanin madatsar ya samo asali ne daga farin da aka yi tsakanin 1972 da 1974. A zamanin Shugaba Shehu Shagari aka ba kamfanin Julius Berger kwangilar aikin. Aka soke ta a 1984, gwamnatin Janar Babangida ta maido da ita a 1992, gwamnatin Janar Abacha ta sake soke ta a 1994. Wajen 2008 Gwamnan Bauchi Isa Yuguda ya sake ta da maganar, sai Jihohin Yobe da Borno suka tashi tsaye suka ce ba su yarda ba, Sanata Ahmad Lawan na Yobe ta Arewa yana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya. Bisa tsarin da aka zana, bangon madatsar zai kai tsawon kilomita 11, zai kuma tare ruwa kimanin mita-kubik miliyan 2,700, don a yi noman rani a kadada wajen 120,000. Don ku gane girman abin, madatsar Tiga, wadda yawancinku kun sani, da aka gama ta a 1974 ba ta kai miliyan 2,000 ba.

Ba zan ɓoye muku ba, masu son aikin suna da hujja mai ƙarfi. Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, sa'ad da Birnin Kudu da Gwaram suke cikinta, ya gina madatsun ruwa da yawa, kuma duk wanda ya ga shinkafa da alkama da tumatir na Kura da Kadawa da Bunkure ya san Tiga ta yi rana. Birnin Kano ma da ruwanta yake sha. Har ila yau mutanen Jigawa sun ɗanɗana ɓarnar ambaliya, musamman a 2022, saboda haka in an ce musu ga bangon da zai rage ƙarfin ruwa, ba abin mamaki ba ne su saurara. Mutumin Bauchi kuma yana da ikon tambaya: don me Kano za ta tare nata kogin ta ci moriya, ni a hana ni?

Amsar wannan tambaya tana ƙasa, watau a fadamun Hadeja da Nguru. Bayan an gama Tiga, aka ƙara da madatsar Challawa a 1992, Kogin Hadeja ya daina halinsa na da. Maimakon ya cika ya batse da damina, ya janye da rani, sai ya zama yana gudana kaɗan-kaɗan shekara duka. Wannan ya yi wa ciyawar kacala daɗi, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama mafakar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da dawa. Wasu garuruwa ruwa ya kwanta musu ba ya tafiya, wasu kuma ya daina zuwa musu sam. Sakamakon haka, mafi yawan ruwan da yake isa Gashuwa da Gaidam, har zuwa ga manoman tattasai na Difa a Jamhuriyar Nijar, daga Jama'are yake fitowa, domin shi ne babban kogin da ya rage ba a ɗaure ba. Masana irin su Edward Barbier sun yi lissafi a shekarun 1990, suka kwatanta abin da ruwa yake haifarwa in an bar shi ya malala cikin fadama, watau shinkafa da wake da kifi da itacen wuta, da abin da yake haifarwa a gonakin noman rani na Kano, suka tarar na fadama ya ninka ɗayan sau da yawa. Dalilin da ya sa ba a cika ganin wannan arziki ba shi ne, a watse yake cikin hannun dubban masunta da makiyaya da ƙananan manoma, ba ya shiga littafin kowace ma'aikata.

To, ina matsayin Gwaram a cikin wannan? Nan ne nake so ku natsu. In an gina madatsa, mutane iri uku ne abin yake shafa. Akwai waɗanda ruwa zai cinye garuruwansu da gonakinsu da maƙabartunsu, waɗannan a ƙasar Ningi suke. Akwai waɗanda za a kai wa ruwa ta magudanai. Akwai kuma na ƙasan bango, waɗanda ba a tashe su ba, ba a kuma taɓa gonarsu da awo ba, amma kogin da suka dogara a kansa ya sake hali. Mutumin Gwaram na bakin kogi cikin kashi na uku yake, kuma yana cikin na farko da za su ji a jikinsu. Lakar da ambaliya take kawo masa a madadin taki za ta kwanta bayan bango, kamar yadda ya faru ga manoman Masar bayan an gama babbar madatsar Aswan a 1970. Ruwan ƙarƙashin fadamarsa zai dogara ga yadda injiniya ya ga damar buɗe ƙofa. Yana yiwuwa ya sami ruwa mai gudana da rani, wanda alheri ne. Yana yiwuwa kuma a sako masa ruwa da tsakar dare a lokacin da bai shirya ba. Duk wannan ya danganta ne ga ƙa'idar sakin ruwa, ita kuwa ƙa'idar nan a kan tebur ake rubuta ta, wanda ba shi da wakili a teburin sai abin da aka ba shi.

Dokar Ƙasa ta 1978 ba ta san da wannan mutum ba. Dokar ta danƙa dukan ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana, ta ba shi ikon karɓe fili saboda amfanin jama'a, ta kuma ce a biya diyya a kan abin da mutum ya gina ko ya shuka. Wanda aka karɓe gonarsa yana da abin da zai riƙe ya yi ƙara, ko da diyyar ba ta taka kara ta karya ba. Amma wanda aka bar masa gonarsa aka ɗauke masa ambaliya, a idon doka bai yi hasarar komai ba. Bugu da ƙari, bangon yana wata jiha, shi yana wata. Ba abin da ya rage masa sai bakin wakilinsa.

Mun kuwa ga abin da yake faruwa in bakin wakili ya mutu. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, an gama madatsa a kan Kogin Sakkwato a 1978. Manoma suka yi ta kukan diyyar da ba a biya ba da gonakin da aka hana su nomawa, ba wanda ya saurare su, har suka tare hanyoyin shiga wurin aiki. A watan Afrilu na 1980, cikin mulkin farar hula, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta ambaci mutum ashirin da 'yan kai da suka rasu, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. A lokacin akwai zaɓaɓɓen gwamna, akwai majalisar jiha, akwai 'yan majalisar tarayya. Hukumar Duniya kan Madatsun Ruwa, a rahotonta na shekarar 2000, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 40 zuwa 80 ne manyan madatsu suka raba da muhallinsu a duniya, kuma na ƙasan bango ba su ma shiga wannan lissafi ba.

Abin da ɗan siyasar jiha ya saba faɗa in an tunkare shi shi ne, wannan aikin Tarayya ne, ba huruminmu ba. Maganarsa akwai ƙamshin gaskiya, gama Tsarin Mulki na 1999 ya sa ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai take yi wa doka, kuma Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ta Tarayya ce. Amma rashin ikon yin doka bai zama rashin baki ba. Kwamishinan ruwa na jiha yana zama a Majalisar Ƙasa kan Albarkatun Ruwa. A 2006 jihohi 6, watau Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe, sun haɗu a Damaturu sun kafa asusun kula da wannan kwari baki ɗaya, saboda haka Jigawa tana da kujera tata ta kanta. Doka mai lamba 86 ta 1992 ta wajabta a binciki illar babban aiki irin wannan ga muhalli kafin a fara shi, a kuma baje rahoton jama'a su duba su faɗi ra'ayinsu. Sai dai a nan ne gizo yake saƙar: rahoto ne mai kauri, da Turancin injiniyoyi, a ajiye shi a wani ofis na 'yan makonni, a sanar a jaridar da manomi bai taɓa gani ba. Wane ne zai ɗauko shi, ya sa a fassara, ya tara masu unguwanni da sarkin ruwa da arɗo ya karanta musu, in ba ɗan majalisar jiha da shugaban ƙaramar hukuma ba? Ba sashen Tsarin Mulki da ya hana su. Yobe da Borno ba su fi Jigawa ikon doka a kan kogin nan ba, murya kawai suka ɗaga, aka kuwa ji su.

Kudancin Jigawa kuma ba maraya ba ne a siyasa. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 27 ga Agusta 1991, ƙasar Birnin Kudu ta ba da gwamna har sau 2: Ali Sa'ad Birnin Kudu daga 1992 zuwa 1993, da Sule Lamido daga 2007 zuwa 2015. Gwaram ita kaɗai mazaɓa ce guda a Majalisar Wakilai. Ban kawo wannan don in ɗora wa wani laifi ba. Na kawo ne don ɗalibanmu su daina cewa ba mu da kowa a sama. Matsalarmu ita ce irin tambayar da muke yi wa na saman. Ɗan takara ya zo, mu roƙe shi taki da babur da kujerar Makka, ya tafi bai faɗi matsayinsa a kan kogin da rabin mazaɓarsa take ci daga gare shi ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Tsarin Mulki, a sashe na 110, ya ba masu zaɓe ikon yi wa ɗan majalisar jiha kiranye in fiye da rabin masu rajista sun sa hannu, amma wannan makami nauyi gare shi, har yau ba a taɓa cin nasarar fitar da kowa da shi ba a ƙasar nan. Abin da ya fi sauƙi shi ne takarda. Ƙungiyar manoma ko ta ɗaliban yanki ta rubuta koke, ta miƙa ta hannun wakilinta, ta nemi a karanta a zauren majalisa a Dutse, domin abin da ya shiga kundin majalisa ba ya musuntuwa. Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon neman takardu daga hukumar Tarayya, a ba shi amsa cikin kwana 7. Koken kuwa kada ya tsaya ga ba mu so kawai, domin wanda ya ce ba ya so da sauƙi ake kiransa maƙiyin ci gaba. Ya tambayi yawan ruwan da za a riƙa saki a watan Agusta da Satumba, da wanda zai riƙe makullin ƙofa, da ko Jigawa tana da wakili a wurin, da yadda za a sanar da ƙauyuka kafin a saki ruwa. Wannan ba mafarki ba ne: a madatsar Manantali ta ƙasar Mali, wadda aka gama a ƙarshen shekarun 1980, an yi shekaru ana sakin ambaliya da gangan saboda manoman kwarin Kogin Senegal, ko da yake da aka fara samar da lantarki sai alkawarin ya yi rauni. Shi ya sa Bahaushe ya ce tun ran gini, ran zane. Abin da ba a rubuta ba kafin a aza harsashi, da wuya a same shi bayan ruwa ya taru.

Ku ma'aikata da ke zaune a nan, musamman na ma'aikatun ruwa da gona da filaye, ta hannunku fayil ɗin zai bi. Kwamishina yakan zo ya tafi cikin shekara 4, wani ma bai kai ba, kuma sau da yawa abin da kuka rubuta masa a gefen takarda shi zai karanta a wurin taro. In kun rubuta cewa aikin yana Jihar Bauchi, bai shafe mu ba, haka zai faɗa. In kuwa kun haɗa masa da sunayen ƙauyukan bakin kogi na ƙasar Gwaram, da yawan kadadar fadamarsu, da yawan rijiyoyin da suke ban ruwa da su, to, ya sami abin da zai ajiye a kan tebur gaban takwarorinsa na Bauchi da Yobe. Wannan ƙidaya aikin rani ɗaya ce, kuma ɗaliban sashen labarin ƙasa na wannan jami'a za su iya yin ta a lokacin hutu in an ba su mota da ɗan guzuri.

Shugaba, na ga lokaci ya ƙure, zan tsaya nan domin a sami damar tambayoyi.