Kwanon Kare Ma Amana Ne: Jan Hankali Ga Matasanmu Masu Gadi Da Kiwo A Jidda

Mun san wasu daga cikin iyayenmu da ke nan Jidda, da na Makka da Madina, za su ga kan wannan rubutu su ce yaran nan sun rasa abin magana sai kare. Muna neman afuwarsu, domin kuwa ba son rai ya kawo mu nan ba, wani abu ne ya faru a gabanmu wanda muka ga bai kamata mu yi shiru a kai ba.

Wani ɗan uwanmu matashi yana gadi a wani gidan shaƙatawa, irin wanda ake kira istiraha, a kan hanyar Usfan da ke arewacin birnin nan. Mai wurin yana da tumaki da awaki, da kare guda da ke tsaron garken da dare. Wata rana mazubin ruwan karen ya fashe, sai yaron ya ɗauko wata jarka da ya gani a bayan gareji, ya yanke ta biyu, ya zuba ruwa ya ajiye masa ba tare da ya wanke ba. Ashe jarkar ruwan lagireto ce, mai launin kore ɗin nan da ake zuba wa mota don kada inji ya yi zafi, kuma akwai saura a gindinta. Da yamma aka ga karen yana tangaɗi kamar wanda ya sha ƙwaya, washegari ya ɗan warware har aka ce ya samu sauƙi, a rana ta uku ya daina fitsari ya mutu. Mai wurin ya zabtare wa yaron albashi, daga bisani ya sallame shi. Da ya zo majalisarmu yana ba da labari, abin da ya fi tsaya masa a rai bai wuce ɗan mai gidan ba, yaro ɗan shekara uku da ya saba wasa da ruwa a daidai inda jarkar take.

Da muka bi diddigi sai muka tarar ba shi kaɗai ba ne. Tun bayan rushe tsofaffin unguwanni da aka fara a ƙarshen shekarar 2021 aka ci gaba a 2022, inda Karantina da Gulail da Bitrumin da Sabil da Hindawiyya suka tafi, jama'armu da dama sun koma bayan gari. Matasanmu da yawa yanzu suna aiki ne a gidajen gona da rumbunan ajiyar kaya da kasuwar dabbobi ta Khumra, wasu kuma a Bahra da Khulais da Zahaban, kuma kusan duk irin waɗannan wurare ba a rasa kare. Amanar ciyar da shi da shayar da shi a hannun mai gadi take, ko yana so ko ba ya so.

Abin da addini ya ce

Kafin mu shiga batun kaya, ya kamata mu fara da abin da ya fi muhimmanci. Malamanmu sun karantar da mu cewa hadisai ingantattu sun hana ajiye kare haka kawai, amma sun halatta shi domin farauta da tsaron dabbobi da tsaron gona. Haka kuma an umarci a wanke ƙwaryar da kare ya yi lallagi a ciki sau bakwai. Mazhabar Malikiyya da kakanninmu suka zo da ita tana ɗaukar wannan wanki a matsayin bin umarni ba don karen najasa ne ba, yayin da Hambaliyya da Shafi'iyya da muke zaune a cikinsu ke ganin najasa ne. Ko wacce mutum ya bi, sakamakon ɗaya ne: kare yana da nasa mazubin daban.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Tunda an ware masa kwano, sai ya zama duk abin da aka yar shi ne rabonsa: gwangwanin fenti, jarkar baƙin mai, ƙoƙon tsohon batirin mota. Alhali kuwa a cikin Bukhari da Muslim akwai labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. Idan shayar da shi na jawo gafara, me za mu ce game da wanda ya shayar da shi guba saboda ganganci? A ƙasar Hausa ma, inda ake zuba wa kare a kasko, kaskon nan yumɓu ne tsantsa, bai taɓa kashe kowa ba. Mu ne zamani ya kawo mana tarkacen masana'antu muka mayar da su kasko.

Mazuban da ya kamata a guje wa

Na farko, duk wata jarka da ta taɓa ɗaukar ruwan lagireto ko man birki ko baƙin mai ko maganin ƙwari. Ruwan lagireto na ɗauke da sinadarin etilin gilaikol, wanda ke da ɗan zaƙi, shi ya sa dabba ke lasarsa ba tare da ƙyama ba. Cokali kaɗan ya isa ya lalata ƙodar kare, kuma idan ba a kai shi wurin likitan dabbobi cikin sa'o'in farko ba, magani ba ya wani tasiri. Sauƙin da ake gani a rana ta biyu yaudara ce kawai. Hakazalika roba na shan abin da aka zuba mata, don haka ɗauraya ba ta fitar da maganin ƙwari daga jikin jarka. Wannan gargaɗi ya shafi tumaki da awaki da kaji, ba kare kaɗai ba.

Na biyu, duk abin da ke da dalma a jikinsa, musamman tsohon batirin mota da gwangwanin tsohon fenti da tangaran mai ƙyalli wanda ba a san inda aka yi shi ba. Mu Hausawa ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan dalma. Idan mai karatu bai manta ba, a shekarar 2010 gubar dalma daga aikin haƙar zinariya ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Dalma ba ta kisa nan take, taruwa take yi a jiki sannu a hankali, ta taɓa ƙwaƙwalwa da jini da ciki. Kare zai fara amai da rashin cin abinci, daga baya ya riƙa faɗuwa yana shure-shure, sai a ce haukan kare ne ko iska.

Na uku, bokitin ƙarfe irin mai ruwan kwanon rufi. Sinadarin zink da ake shafa masa don kada ya yi tsatsa yana narkewa idan abinci mai tsami ya daɗe a ciki, kuma idan ya yi yawa a jikin kare yana fasa ƙwayoyin jininsa. Haka abin yake idan ya haɗiye noti ko ƙusa mai irin wannan shafe.

Na huɗu, roba mai araha da ba ta da wata shaida. Duk wanda ya juya mazubin roba zai ga lamba a cikin wata alama mai kusurwa uku a gindinsa. Lamba 2 da lamba 5 su ne aka fi amincewa da su wajen abinci da ruwa. Lamba 3 kuwa, wato PVC, ana haɗa ta da sinadaran da ke sa ta yi laushi, waɗanda kan fita idan ana tauna ta ko ta sha rana. A cikin masu lamba 7 akwai masu sinadarin BPA, wanda Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a kwalaben shayar da jarirai tun 2011, sannan a ƙarshen 2024 ta zartar da hana shi a kayan da ke taɓa abinci baki ɗaya. Kuma kada mu manta da irin zafin garin nan, domin a watan Yunin 2010 ma'aunin zafi a Jidda ya kai digiri 52. Robar da ta yini a irin wannan rana takan yi gautsi ta tsattsage, ƙwayoyin cuta su samu maɓoya a tsagar.

Farantan melamin da suka cika shagunan abu-riyalaini su ma suna da sharaɗi: kada a zuba musu abinci mai tsananin zafi, kuma da zarar sun kankare a yar. Sunan melamin ya fito duniya ne a 2007, lokacin da aka cakuɗa garinsa a kayan haɗin abincin karnuka da kyanwoyi da aka kai Amurka daga Sin, dabbobi masu yawa suka mutu da ciwon ƙoda. Shekara guda bayan haka, a 2008, sinadarin ya ɓulla a madarar jarirai a Sin, inda yara kimanin 300,000 suka kamu, shida suka rasu. Faranti bai kai wannan haɗari ba, amma darasin a fili yake: abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

To, me za a saya?

Mafi aminci shi ne kwanon ƙarfe mara tsatsa, wanda a kasuwannin nan ake kira istil, musamman wanda aka buga wa lamba 304 ko 18/8 a gindi. Ba ya shan wari, ba ya tsagewa, kuma yana jure wanki da ruwan zafi. Ana samunsa a Bab Makka da Bab Sharif, har ma na hannu a kasuwar Sawarikh, sai dai a duba kada ya zama mai tsatsa ko wanda aka yi wa walda. A ajiye shi a inuwa, a wanke kullum da sabulu a ɗauraye sosai. Idan da tiyo ake cika shi, a bar ruwan farko da ya kwana a cikin tiyon ya zube tukuna.

Game da abin wuya da igiya, sarƙar ƙarfe da ta yini a rana tana ƙona fata, waya kuma tana yanka wuya. Gara faffaɗan ɗamarin fata ko na zare mai ƙarfi, a bar sararin da yatsu biyu za su shiga. Fatar da aka jeme da bagaruwa, irin ta majemanmu na Kano da Sakkwato, ta fi wadda aka jeme da sinadarin kurom sauƙi a jikin dabba. Duk abin wuyan da ke zubar da launi idan ya jiƙe a cire shi.

Wurin kwanciya kuwa, buhun algarara ko tsohon bargon auduga ko katako mara fenti sun wadatar. A guji buhun taki da na siminti, da katakon da aka jiƙa da maganin gara, da soson katifa wanda zai iya yagewa ya haɗiye. Tsohuwar taya tana da waya a ciki, ba abin tauna ba ce. Dafaffen ƙashi ma yakan tsage ya huda hanji. Sannan ragowar kabsa da bukhari da muke juye masa, a sani cewa albasa da tafarnuwa masu yawa suna lalata jinin kare, zabibi kuma yana taɓa ƙodarsa.

Wani babban kuskure da muka gani da idonmu shi ne shafa wa kare baƙin mai don maganin ƙazuwa, ko yi masa wanka da maganin kaskar raƙuma da tumaki ba tare da awo ba. Karen zai lashe, fatarsa ma za ta sha, mai shafawar da ba ya sa safar hannu shi ma ya samu rabonsa. Maganin ƙuma mai sinadarin fametirin da ake ɗiga wa kare yana kashe kyanwa, kuma mun san gidajenmu ba sa rabuwa da kyanwoyi. Haka ma maganin wanke ƙasa ɗin nan da ke mayar da ruwa fari kamar madara, kada a wanke kwanon dabba da shi.

Doka da kuma hakki

Zamani ya canza. A 2006 hukumar Hisba ta hana sayar da karnuka da kyanwoyi a Makka da Jidda, amma a yau shagunan kayan dabbobi da asibitocinsu sun yawaita a birnin nan. Tun 2013 Saudiyya ta amince da dokar jin ƙan dabbobi ta ƙasashen yankin Gulf, wadda Ma'aikatar Muhalli da Ruwa da Noma ke kula da ita, kuma ta tanadi tara ga wanda ya cutar da dabba ko ya yi sakaci da ita. Ga mai neman abinci a ƙarƙashin wani, shiga irin wannan matsala ba ƙaramin abu ba ne. Wanda kuma aka sayar wa jabun kaya yana iya kai ƙara Ma'aikatar Kasuwanci ta lambar 1900.

Kiranmu ga 'yan uwa matasa shi ne, ranar da ka kama aiki ka zagaya ka duba abin da dabbobin wurin ke ci da sha a ciki, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ka ga jarkar mai ko gwangwanin fenti, ka sanar da mai gida cikin ladabi ka nemi ya sayo kwanon istil. Idan ya ƙi, ka dai fita hakki, kuma kana da hujja ranar da wani abu ya faru. Ka ajiye lambar likitan dabbobi mafi kusa a wayarka. Idan ka ga kare na tangaɗi ko dalalar da miyau ko amai ba dalili, kada ka tsaya ɗura masa madara ko man zaitun, ka ɗauke shi tare da mazubin da kake zargi ka nufi asibiti.

Ga iyayenmu mata kuma, a riƙa lura da jarkokin da ake kawowa gida daga wuraren aiki don tara ruwa, domin gubar da ta kashe karen Usfan ba ta tambayar wanda ya sha. Muna roƙon malamanmu su ma su riƙa taɓo hakkin dabbobi a majalisunsu, kasancewar maganarsu ta fi tamu shiga.

Kakanninmu da suka ratso Sudan a ƙafa suka ƙetaro teku zuwa wannan ƙasa mai tsarki sun bar mana suna guda da ake saninmu da shi, wato riƙon amana. Allah Ya ba mu ikon riƙe ta a kan mutum da dabba, Ya tsare mu da zuriyarmu, amin.