Kakar wasannin kwano: Abin da magoyin bayan ƙungiyar jami'a ke fuskanta a Amurka

Da la'asar ɗin ranar 30 ga Nuwamban 2024, sama da mutum dubu 100 ne suka fice daga filin wasa na Jami'ar Ohio State da ke birnin Columbus a Amurka jiki a sanyaye. Babbar abokiyar hamayyarsu, Jami'ar Michigan, ta bi su har gida ta doke su da maki 13 da 10, karo na huɗu ke nan a jere. Bayan an tashi, faɗa ya kaure tsakanin 'yan wasa a lokacin da na Michigan suka yi yunƙurin kafa tutarsu a tsakiyar fili, har sai da 'yan sanda suka yi amfani da feshin barkono. Magoya baya da dama suka shiga kiran a sallami kocinsu, Ryan Day.

Kwana 51 bayan haka, wannan kocin ne ya ɗaga kofin zakarun jami'o'in ƙasar. Abin da ya faru tsakanin waɗannan ranaku biyu shi ne lokacin da Amurkawa ke kira kakar wasannin "Bowl", kalmar da ke nufin kwano. Wannan maƙala ta duba yadda kakar take, da abin da magoyin baya ke samu, da kuma abin da yake asara idan ya ɗaura aniyar bin ƙungiyarsa har ƙarshe.

Wane irin wasa ne?

Ƙwallon da ake magana a kai ba irin tamu ta ƙafa ba ce. Ta fi kama da zari-ruga: 'yan wasa 11 a kowane ɓangare, sanye da hular kwano da sulken kafaɗa, a fili mai tsawon yadi 100. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci gaba da yadi 10, ko dai da gudu da ƙwallo ko ta hanyar jefa ta. Wanda ya kai ta ƙarshen filin abokan karawa ya samu maki shida, wanda ya buga ta tsakanin dogayen ƙarafan gola kuma maki uku.

Jami'o'i ne suka raini wasan tun daga karawar Rutgers da Princeton a 1869, tun kafin a kafa gasar ƙwararru ta NFL. Shi ya sa goyon bayan ƙungiyar jami'a ya zama tamkar gado: kaka ya yi karatu a can, uba ya yi, jika kuma ya tashi da rigar ƙungiyar a jikinsa. Filin Michigan na ɗaukar mutum 107,601, na Ohio State kuwa 102,780.

Matsalar magoyin baya ita ce gajartar kaka. Wasa 12 kacal ƙungiya ke bugawa daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba. Wanda ya saba da wasa 38 na Firimiyar Ingila zai gane cewa a nan rashin nasara ɗaya ko biyu na iya rusa shirin shekara guda.

Asalin wasannin kwano

A ranar 1 ga Janairun 1902 ne masu shirya bikin furanni na birnin Pasadena da ke Jihar Kalifoniya suka gayyaci Michigan da Stanford domin ƙayatar da baƙi. Michigan ta ci 49 da nema, lamarin da ya sa aka jingine wasan har zuwa 1916. Daga 1923 aka koma bugawa a sabon filin Rose Bowl, wanda aka gina da siffar kwano, kuma daga nan sunan ya samo asali.

Wasu biranen kudu masu ɗumi suka ga akwai ciniki a cikin lamarin. Miami ta kafa Orange Bowl, New Orleans ta kafa Sugar Bowl, duka a 1935, sai Dallas ta biyo baya da Cotton Bowl a 1937. Dabarar mai sauƙi ce: a jawo mutanen arewacin ƙasar da sanyi ya addaba su zo su kwana a otal, su ci abinci, su kashe kuɗi.

A yau ana buga irin waɗannan wasanni sama da 40 daga tsakiyar Disamba zuwa Janairu. A cikin ƙungiyoyi 134 da suka fafata a matakin ƙoli a 2024, duk wadda ta ci wasa shida ta cancanci gayyata. Kamfanoni ne ke sayen sunayen wasannin, wasu kuma kan zo da abin ban dariya. A Duke's Mayo Bowl, alal misali, akan juye wa kocin da ya yi nasara bokitin mayonis a kai.

Ga magoyin baya na da, wasan kwano lada ne: tafiya ɗaya, kwana uku ko huɗu a wani gari, fareti, makaɗan jami'a, da gashin nama a wurin ajiye motoci tun da safe kafin a shiga fili. Ko an ci ko an faɗi, kaka ta ƙare.

Yadda neman zakara ya sauya lissafi

Shekaru da dama ƙuri'ar 'yan jarida da ta masu horarwa ce ke yanke wace ce zakara, har wani lokaci a samu zakaru biyu a shekara ɗaya. A 1998 aka fito da tsarin haɗa ta ɗaya da ta biyu a wasan ƙarshe. A 2014 aka koma gasar sili-ɗaya-ƙwale ta ƙungiyoyi huɗu waɗanda kwamitin mutum 13 ke zaɓa. A 2024 aka faɗaɗa ta zuwa ƙungiyoyi 12, inda manyan wasannin kwano shida, wato Rose, Sugar, Orange, Cotton, Fiesta da Peach, suka zama matakan kwata-fainal da na kusa da na ƙarshe. Tashar ESPN ta ƙulla yarjejeniyar Dala biliyan 7.8 domin nuna gasar na tsawon shekara shida.

Wannan ne ya ceci Ohio State. A tsohon tsari, rashin nasara biyu da ta yi, ɗaya a hannun Oregon da maki 32 da 31, ɗaya a hannun Michigan, da sun rufe mata ƙofa. A sabon tsari sai ta shiga a matsayi na takwas.

Wata ɗaya, birane huɗu

Magoyin bayan Ohio State da ya ce sai ya ga komai da idonsa ya yi zirga-zirga huɗu a cikin kwana 30.

Na farko a gida ne, ranar 21 ga Disamba da daddare, cikin sanyin da ya sauka ƙasa da sifiri. Dubban magoya bayan Tennessee sun samu tikiti suka mamaye wani sashe na filin da rigunansu masu ruwan lemo, abin da ya sosa ran masu gida. A cikin fili kuwa Ohio State ta ci 42 da 17.

Na biyu shi ne Rose Bowl ranar 1 ga Janairun 2025, tafiyar sama da kilomita 3,000 daga Columbus. Kwana goma kacal magoyin baya ya samu ya nemi kujerar jirgi da ɗakin otal, a tsakiyar hutun Kirsimeti da Sabuwar Shekara, lokacin da farashi ke tashi. Wanda ya je bai yi da-na-sani ba. Oregon ce ta ɗaya a ƙasar, ba ta sha kashi ba ko sau ɗaya, amma kafin a tafi hutun rabin lokaci Ohio State ta zura mata maki 34 a jere. Aka tashi 41 da 21.

Na uku shi ne Cotton Bowl a garin Arlington ranar 10 ga Janairu, a jihar abokiyar karawa, Texas, kuma a makon da dusar ƙanƙara ta kawo cikas ga sufurin jiragen sama a yankin. Saura minti biyu da 'yan daƙiƙu, Ohio State na gaba da 21 da 14, Texas kuma na da yadi takwas ta farke. Sai ɗan baya Jack Sawyer ya kaɗe ƙwallo daga hannun madugun Texas, Quinn Ewers, wanda tsohon abokin ɗakinsa ne a Ohio State, ya ɗauka ya ruga yadi 83. Aka tashi 28 da 14.

Na huɗu shi ne wasan ƙarshe a Atlanta ranar 20 ga Janairu da Notre Dame. Ohio State ta kai 31 da 7, Notre Dame ta matso zuwa 31 da 23, hankalin magoya baya ya tashi. Jifa mai nisan yadi 56 daga Will Howard zuwa ga matashi Jeremiah Smith ce ta kashe wutar, aka ƙare 34 da 23. A cikin fitattun 'yan wasan ƙungiyar akwai Emeka Egbuka, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, kuma ƙungiyar Tampa Bay ta NFL ta ɗauke shi a zagayen farko a 2025.

Abin lura a nan shi ne, ba a sanin zango na gaba sai an ci na yanzu. Ma'aikaci mai ƙididdigaggen hutu ko ɗan kasuwar da ba zai rufe shago sau huɗu ba, dole ya yi caca: ya je Pasadena, ko ya adana kuɗinsa domin wasan ƙarshen da ba shi da tabbacin za a kai.

Ɗaya ɓangaren: darasin Florida State

Ba kowa ne ke samun irin wannan sa'a ba. A 2023 Florida State ta ci wasa 13 ba tare da faɗuwa ba, ta lashe kofin rukuninta. Amma madugunta Jordan Travis ya karye a ƙafa a Nuwamba, kuma a ranar 3 ga Disamba kwamiti ya ajiye ta a matsayi na biyar, ya zaɓi Alabama da Texas waɗanda kowacce ta faɗi wasa ɗaya.

Aka tura ta Orange Bowl. 'Yan wasanta sama da 20 ba su buga ba: wasu saboda rauni, wasu sun fara shirin shiga NFL, wasu kuma sun nemi sauya makaranta. Magoya bayan da suka sayi tikiti suka tafi Miami sun kalli Georgia ta lallasa ƙungiyarsu da maki 63 da 3, tazara mafi girma a tarihin wasannin kwano.

Me ya sa 'yan wasa ke janyewa?

Al'adar ta fito fili ne a Disamban 2016, lokacin da Christian McCaffrey na Stanford da Leonard Fournette na LSU suka ƙi buga wasanninsu na kwano. Hujjarsu ba ta rasa tushe. A farkon shekarar, Jaylon Smith na Notre Dame ya ji mummunan rauni a gwiwa a Fiesta Bowl, ya zame daga jerin waɗanda ake sa ran ɗauka a sahun farko zuwa zagaye na biyu, wanda hakan na nufin asarar miliyoyin Daloli.

Sai kuma batun kuɗi da sauya sheƙa. Daga 1 ga Yulin 2021 aka ba ɗalibai 'yan wasa damar karɓar kuɗin talla da sunansu, a Yunin 2025 kuma kotu ta amince da sulhun da ya ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai-tsaye har Dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Ɗan wasa na iya barin makaranta zuwa wadda ta fi tsoka, kuma masu horarwa ma a Disamba suka fi sauya aiki. A 2024 Jami'ar Marshall ta janye baki ɗaya daga Independence Bowl bayan kocinta ya tafi, 'yan wasa masu yawa suka bi sahu.

Masu sukar 'yan wasan na cewa sun ci amanar makaranta da magoya baya. Masu kare su kuma na cewa ba adalci ba ne a nemi matashi ya jefa lafiyarsa da makomarsa cikin haɗari domin wasan da ba ya kai wa ga kofi, alhali tashoshin talabijin da masu horarwa na kwasar maƙudan kuɗi. Kowane ɓangare na da hujja, amma mai sayen tikiti ne ke tsaka-mai-wuya, domin yakan biya kafin ya san waɗanda za su fito fili.

Su kansu jami'o'in ba kullum suke cin riba ba. Sau da yawa akan wajabta musu sayen dubban tikiti su sayar wa magoya bayansu. Jami'ar Connecticut ta yi asarar kusan Dala miliyan 1.8 a Fiesta Bowl na Janairun 2011, galibi saboda tikitin da suka yi kwantai.

To me ya rage wa magoyin baya?

Duk da haka ƙananan wasannin ba su mutu ba. Ga jami'ar da ta shekara biyar ko goma ba ta ci wasa shida ba, gayyata kaɗai abin biki ce. Ƙungiya na samun ƙarin makonnin atisaye, koci na gwada matasa, magoyin baya kuma na ganin waɗanda za su riƙe ƙungiyar a baɗi. Ga ɗaliban ajin ƙarshe, waɗanda mafi yawansu ba za su taɓa shiga NFL ba, wannan ne karo na ƙarshe da za su sa rigar makaranta a gaban iyayensu.

Mai son bibiyar kakar daga Najeriya sai ya shirya wa rashin barci, domin a hunturu agogonmu na gaba da na gabashin Amurka da awa shida. Rose Bowl kan zo ne cikin dare kafin sha biyu, wasan ƙarshe kuma yakan fara ne bayan ƙarfe ɗaya na dare, ya ɗauki sama da awa uku. Yana da kyau mutum ya fara duba abu uku kafin ya zauna: ko wasan na cikin gasar sili-ɗaya-ƙwale, ko kocin ƙungiyar na nan, da kuma sunayen 'yan wasan da suka sanar da janyewa. Waɗannan ne za su nuna masa ko ƙungiyar da ya bi tun Satumba ce za ta fito, ko kuwa riga ce kawai ta rage.