GINI DA WASAN YARA DA ƊAKIN AMARYA: AMANAR DA KE HANNUN MAGIDANTA A AREWACIN ZAMFARA

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci ɗan Adam daga yumɓu, sa'an nan Ya hore masa yumɓun domin ya gina wurin fakewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, a wannan mako za mu duba wani al'amari wanda ya shafi kowane magidanci, attajiri ne ko ma'aikacin gwamnati, watau irin gidan da muke ginawa da irin kayan da muke zubawa a cikinsa. Za mu ɗauki Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi su zama misali, domin a can maganar ta fi matsawa a yau.

Tun wajen shekarar 2011 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan wannan yanki. Mutane da yawa sun bar gidajen iyayensu sun koma cikin gari, gidajen da aka bari kuwa damina ta yi ta cinsu har wadansu suka zama kufai. Duk ranar da Allah Ya kawo sauƙi, to, za a yi gini mai yawa a wannan ƙasa, kuma masu kuɗi da masu albashi su ne za a kalla a kwaikwaya. Saboda haka ya kamata tun yanzu a san abin da kakanni suka iya, da abin da ya dace a riƙe daga cikinsa.

YADDA KWANO DA SIMINTI SUKA SHIGO

Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta iso Ƙauran Namoda a 1929, a nan ne kuma ta tsaya. Jirgin da ya riƙa kwasar gyada da auduga zuwa kudu, shi ne ya riƙa dawowa da kwanon rufi da ƙusa da siminti. Daga Ƙaura fatake suka yi ta kai kayan kasuwar Shinkafi da Zurmi da sauran garuruwa. Da kamfanin siminti na Kalambaina da ke Sakkwato ya soma aiki a 1967, sai bulo ya ƙara samuwa. Sannu a hankali rufin kwano ya zama alamar arziki, ginin ƙasa kuwa aka mai da shi alamar talauci, har ya zama uban yarinya yakan tambaya ko manemin 'yarsa yana da ɗakin kwano.

Amma duk wanda ya taɓa yin ƙailula a ɗakin bulo mai rufin kwano a watan Afrilu, sa'ad da zafi kan wuce digiri 40, ya san abin da aka saya da wannan kuɗi. Kwano yakan ɗauki zafin rana nan da nan ya juye shi a kan mai ɗaki, bulo kuwa ba shi da kaurin da zai tare. Sai a nemi fanka, fanka ta nemi lantarki, lantarki ya ɗauke a koma neman janareto da mai. Ga kuma iskar farkon damina wadda kan yaye rufin unguwa guda a dare ɗaya.

ILIMIN DA KE CIKIN TUBALI

Maginin gargajiya bai karanta lissafi a makaranta ba, amma aikinsa lissafi ne tsantsa. Yakan zaɓi ƙasa, a kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu tana tsima, sa'an nan a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya. Wajen gini yakan faɗaɗa gindin bango ya riƙa rage kaurinsa yana hawa, don nauyin ya zauna daram. Wannan kauri shi ne sirrin sanyin soro. Zafin rana yakan daɗe yana ratsa bangon, kafin ya kai ciki rana ta faɗi, da dare kuma bangon ya saki ɗumin a hankali, abin da kan yi daɗi ƙwarai a lokacin hunturu.

Wajen rufi ne gwaninta ta fi bayyana. Azara, wadda ake tsagawa daga giginya, gara ba ta cika cinta ba, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa shida. Da wannan matsala magina suka ƙago baka. Sukan dasa azara a cikin bango ta ɗan karkato ciki, su ɗaura wata a kanta ta ƙara leƙowa, haka haka daga ɓangarori biyu har hannuwan su haɗu a sama, sa'an nan a lulluɓe da ƙasa. In aka gicciya bakuna biyu ko fiye, sai a sami ɗaurin guga, a ɗora tulluwa a kai. Da guntayen itace da ba su fi tsawon mutum ba, sai ga zaure mai faɗi babu ginshiƙi a tsakiya.

Har abin da muke ɗauka ado ne kawai, yana da aikinsa. Indararo yana jefa ruwan sama nesa da gindin bango. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, tana ƙarfafa shafe. Laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, yana hana ruwa shiga rufi. Dubi yadda sharar marini da ta majemi suka zama kayan aikin magini, babu abin da aka zubar.

Wanda ya kai wannan sana'a ƙololuwa shi ne Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Har yau akwai unguwa a birnin Zariya mai sunansa, kuma a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos an gina kwatankwacin masallacin nasa domin masu nazari.

ME ADDINI YA CE GAME DA ADO?

Wadansu suna zaton ƙawata gini almubazzaranci ne. Maganar tana bukatar rarrabewa. Imamu Muslim ya ruwaito cewa da aka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da mai son tufa da takalmi masu kyau, bai lissafa wannan cikin girman kai ba. Bukhari kuma ya ruwaito daga Ibnu Umar cewa masallacin Madina a zamanin Annabi da tubalin ƙasa aka gina shi, ginshiƙansa kututturan dabino, rufinsa ganyen dabino. Sayyidina Umar ya faɗaɗa shi da irin waɗannan kaya, Sayyidina Usman kuwa ya sake shi da sassaƙaƙƙen dutse da farar ƙasa. Ashe ke nan ginin ƙasa ba abin kunya ba ne, kyautata gini kuma ba laifi ba ne. Abin da malaman Malikiyya suka karhanta shi ne adon da zai shagaltar da mai salla, musamman a bangon alƙibla, abin da aka hana kuwa shi ne alfahari da sassaƙa surar mai rai.

Wannan hani bai kashe zayyana ba, sai ma ya buɗe mata wata hanya. Mai zayyana ya koma ga dagi da sarƙa da siffar takobi da allo, irin waɗanda ake gani a wuyan riga da jikin ƙwarya da bangon Alƙur'ani mai girma. Shi ya sa fuskar gidan Bahaushe da aikin babbar rigarsa suke kama da juna. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da masu sana'a da raya garuruwa da kasuwanni cikin aikin shugaba.

MAKWABTANMU SUN RIGA MU

Kada a ce wannan labarin da ne. A garin Yama, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wani magini manomi, Alhaji Falke Barmu, ya soma gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962. Jama'ar gari suka yi gayya, wani ya buga tubali, wani ya ɗebo ruwa, wani ya kawo itace. A 1975 ya ƙara masa bakuna da tulluwa, daga baya ya yi masa hasumiya huɗu, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-ginen duniyar Musulmi.

A Dandaji kuma, wani garin Hausawa a wannan jiha, Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran sun mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon jar ƙasa wanda ake matsewa da inji, aka gama a 2018. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar ƙauyensu, Gando, da irin wannan bulo a 2001. Ya yi amfani da kwano, amma ya ɗaga shi sama da rufin ƙasa don iska ta riƙa wucewa a tsakani ta kwashe zafi. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace daraja a wannan fanni.

Waɗannan mutane ba su ɓoye aibin ƙasa ba. Kowa ya san ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai, kuma in ruwa ya kwanta a gindinsa sai ya zube, har akan yi asarar rai. Abin da suka yi shi ne maganin aibin, watau harsashi mai ƙarfi, da ɗan siminti kaɗan a cikin bulon, da rufi mai leƙowa ya kare bango.

MAKARANTAR FARKO TA MAGINI

Daga ina gwani yake farawa? Daga wasa. Bayan girbin dawa yaro yakan tsinci kara ya ɓare shi, ya yanka totuwa, ya soke ta da ɓawon karan ya haɗa mota har da ƙofa mai buɗewa, ya feƙe sakaina ko tsohon silifa ya yi taya. Wani ya yi tabarau, wani ya yi jirgin sama, wani ya buɗe gwangwani ya ƙera tirela. Yara mata kuma su yi 'yar tsana, su ɗinka mata zane, su gina ƙananan tukwane da yumɓu. Yaron da tayar motarsa ta ƙi juyawa, dole ya zauna ya gano dalili, kuma ya koyi awo da daidaito ba tare da an kira abin darasi ba.

Shari'a ba ta ƙyamaci wannan ba. Ya tabbata cewa Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta yi wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Annabi, kuma Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ba da labarin yadda sukan yi wa yara abin wasa da ulu su rarrashe su a ranar azumin Ashura. Alƙali Iyal, babban malamin Malikiyya, ya kafa hujja da irin wannan cewa 'yar tsana ta fita daga hanin surori, domin tana koya wa yarinya reno. To, a yau mai hali yakan sayo wa ɗansa motar roba mai batir, ko kuwa bindigar roba da salla. Motar takan karye cikin mako ba ta koya masa komai ba. Bindiga kuwa, a ƙasar da ƙarar bindiga ta raba mutane da gonakinsu, wane uba ne zai so ta zama wasan ɗansa?

ƊAKIN AMARYA

Manya ma suna da nasu rabon. Tsarin gidan Bahaushe, daga zaure zuwa shigifa zuwa cikin gida, an yi shi ne don baƙo ya sami girmamawa, iyali kuma su sami sutura. Can ciki amarya take da daularta: daɓe mai santsi, gadon ƙasa wanda akan sa garwashi a ƙarƙashinsa da sanyi, jeren ƙore da faya-faye, daga baya kwanoni, ga kaskon turaren wuta. Jin daɗi tsakanin ma'aurata halal ne, har da lada, sharaɗinsa a rufa asiri kada kuma a cutar. Don haka ake jan kunne game da haɗe-haɗen kayan mata da na maza da ake tallarsu a kasuwa da wayar hannu, babu sunan mai haɗawa, babu lambar hukumar NAFDAC, babu wanda ya san abin da ke ciki. Haka nan kuma uban da ya ci bashi ya cika ɗakin 'yarsa da kujerun da ba za su bar wurin shimfiɗa sallaya ba, ya sayi nauyi ne kawai.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Attajirin da zai gina masallaci ko makarantar Islamiyya a Zurmi ko Shinkafi, ya nemi tsofaffin magina tun suna raye, ya haɗa su da injiniya, ko da zaure ɗaya ne a yi da baka. Ma'aikacin da ke tara kuɗin gida ya tambayi farashin bulon jar ƙasa kafin ya yanke shawara, ya kuma bar wurin itace a tsakar gida. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, ita ta fi cancanta ta auna ƙasar wannan yanki, ta rubuta yadda ake haɗa laso da makuba kafin masu sani su ƙare. Malaman makaranta kuma su sa gasar motar kara bayan kaka, a ba wanda ya ci kyauta a gaban iyayensa.

Sana'ar da aka daina saya, ɗa ba ya gadonta. In magini ya ga masu hali suna nemansa, zai koya wa ɗansa. In bai gani ba, ɗan zai tafi acaba, ilimin kuma ya bi tsohon zuwa kabari. Allah Ya zaunar da ƙasar Zamfara lafiya, Ya mai da kowa gidansa, Ya sa mu gina abin da jikokinmu za su yi mana addu'a a inuwarsa, amin.