Zaɓen Na'urar Intanet ta Tauraron Ɗan'adam ga Mai Doguwar Tafiya a Mota

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abubuwan da ya kamata mai doguwar tafiya a mota ya auna kafin ya sayi na'urar da za ta haɗa shi da intanet ta hanyar tauraron ɗan'adam. Za a yi misali da hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Damagaram zuwa Agadas, daga nan ta ratsa hamada ta nufi Bilma, domin a kanta ne matsalar take fitowa fili. Da zarar an bar garuruwa sai turakun wayar salula su ƙare, kuma tsakanin Agadas da Bilma akwai fiye da kilomita 500 na rairayi. Motar da ta lalace a wannan sarari, in babu hanyar neman agaji, ruwan da ke cikin jarka shi ne iyakar kwanakin mutanenta. A nan za a yi amfani da kalmar "faifai" da nufin ɓangaren na'urar da yake fuskantar sama, ko da kuwa siffarsa ta allo ce, kamar yadda akasarin na zamani suke.

2.0 Nisan Tauraro da Abin da Yake Haifarwa

Taurarin da ake magana a kansu iri biyu ne. Na farko su ne waɗanda suke can nisan kilomita 35,786 a saman tsakiyar duniya, inda gudunsu ya yi daidai da juyawar ƙasa, saboda haka mai kallo daga ƙasa zai ga kamar a tsaye suke cik. Irin waɗannan ne Inmarsat da Thuraya suke amfani da su. Tun da yake saƙo yana tafiya da gudun haske, watau kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuma sai ya hau ya sauko, amsarsa ma ta hau ta sauko, jinkirin da ake samu yakan haura rabin daƙiƙa. Wannan shi ne dalilin shirun nan da yake gittawa tsakanin masu magana ta irin wannan waya. Haka kuma faifansu na hannu sai an saita shi ya fuskanci tauraron sosai, ke nan sai mota ta tsaya. Akwai wanda ake kafawa a rufin mota yana bin tauraron da kansa, amma kuɗinsa ya fi na hannu nesa ba kusa ba.

Iri na biyu su ne masu shawagi kusa da ƙasa. Iridium yana da guda 66 a nisan kilomita 780, suna miƙa wa juna saƙo, sun kuma lulluɓe duniya baki ɗaya. Starlink, na kamfanin SpaceX, wanda ya soma harba taurarinsa da yawa a 2019, yana da dubbai a wajen nisan kilomita 550, jinkirinsa kuwa bai kai kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa ba. Nijeriya ce ƙasa ta farko a Afirka da ya fara aiki a cikinta, a watan Janairu na 2023.

Bambancin sauri shi ne ya fi ɗaukar hankalin mai saye, kuma lissafi kaɗan zai nuna girmansa. A ɗauka mutum yana son aika sautin da ya naɗa mai nauyin megabayit 100. Ƙaramar na'urar Iridium GO! mai saurin kilobit 2.4 a daƙiƙa za ta yi kusan kwana 4 tana aikin. Na'urar BGAN ta Inmarsat, wadda ƙololuwar saurinta kilobit 492 ne, za ta buƙaci kamar minti 27 idan komai ya tafi daidai, sannan a caje shi da dala a kan kowane megabayit. Starlink zai gama cikin 'yan mintoci.

To amma sauri ba shi kaɗai ne ma'auni ba. Iridium da Thuraya da BGAN suna aiki a kan zangon da hadari da ruwan sama ba su cika tare shi ba. Zangon da Starlink yake kai kuwa ruwa mai ƙarfi yana raunana shi, kuma faifansa yana bukatar sarari buɗaɗɗe, ta yadda inuwar bishiyar da matafiyi ya fake a ƙarƙashinta za ta iya yanke masa hulɗa. A ganina, wanda zai shiga hamada ya raba bukatunsa biyu: babbar na'ura domin aiki, da wata ƙarama ta aljihu mai batirinta, irin inReach na Garmin da yake bin taurarin Iridium, domin aika gajeren saƙo da nuna inda mutum yake. In kuɗi ya gaza ɗaukar biyun, ƙaramar ce ta wajaba, domin ita ce za ta yi aiki ranar da batirin mota ya mutu.

3.0 Wuta, Zafi da Girgiza

Nan ne masu saye da yawa suke tuntuɓe. Babban faifan Starlink yana shan wat 75 zuwa 100, ke nan aikin awa 8 zai cinye wat-awa 600 zuwa 800. Batiri mai amfiya 100 a kan bolt 12 yana ɗauke da wat-awa 1,200 ne, kuma idan irin na dalma ne, bai kamata a sha fiye da rabinsa ba, in ba haka ba ba zai yi ƙarko ba. Watau yini guda ya isa ya tsotse shi. Starlink Mini, wanda ya fito a 2024, nauyinsa ya ɗan haura kilo 1, yana shan wat 25 zuwa 40, yana kuma karɓar wutar batiri kai tsaye ba sai an bi ta inbata ba, wadda ita ma tana cin nata rabon. Ko da Mini ɗin ne, kada a ɗora shi a kan batirin tayar da mota. A tanadi batiri na biyu da allon sola. A kuma lura cewa doguwar waya siririya tana rage ƙarfin wutar bolt 12, har na'urar ta riƙa mutuwa tana tashi.

Game da zafi, iyakar da kamfanin ya ba faifan ita ce digiri 50, alhali rufin motar da ke tsaye a rana cikin watan Afrilu ko Mayu yana wuce haka. Hanya mai gargada kuma tana kwance ƙusoshi, ƙurar hunturu tana shiga mahaɗar wayoyi. Faifan da ake ajiyewa cikin akwati a fito da shi idan an yada zango ya fi wanda aka kafe a rufi daɗewa, sai dai ba za a more shi ana cikin tafiya ba.

4.0 Doka da Kan Iyaka

Tauraro bai san kan iyaka ba, amma jami'in kwastan ya sani. Kowace ƙasa ita take ba da lasisin aiki a cikinta, kuma matsayin yana sauyawa. Kamaru ta sa a riƙa kama na'urorin Starlink a kan iyakokinta a 2024, Nijar da Cadi kuwa sai a 2025 ya fara aiki a cikinsu bisa izini. A Indiya an sha tsare baƙi saboda shiga da wayar Thuraya ko Iridium. A gida ma, sojoji sun haramta Thuraya a Jihar Borno a 2013, bisa hujjar cewa 'yan Boko Haram suna amfani da ita. Hanyar Agadas kanta hanya ce da tsaro ya taɓarɓare a kanta, kuma a irin wannan wuri na'urar da ba ta da takarda takan jawo wa mai ita zargi.

Akwai kuma sharuɗɗan kamfani. Rajistar zaman gida tana ɗaure faifai ga adireshi ɗaya, mai tafiya kuwa rajistar yawo yake bukata, wadda take da ƙa'idar tsawon lokacin da za a yi da ita a wajen ƙasar da aka yi rajista. Saboda haka kafin a biya ko kwabo, sai a jera ƙasashen da za a ratsa, a nemi matsayin kowace daga hukumar sadarwarta, a karanta sharuɗɗan rajistar a makon da za a tashi, a kuma riƙe rasit da lambar na'urar tare da fasfo.