Idan Kwamfuta Ta Tsaya Binciken Faifai Bayan Ɗauke Wuta

Kowane faifan ajiya yana da kundin da ake rubuta sunan fayil, girmansa da gurbin da yake zaune. Ba komai ne kwamfuta ke zubawa a faifai nan take ba, takan tara aiki a ƙwaƙwalwar wucin gadi tukuna. Idan aka ɗauke wuta ko manhaja ta sandare ana cikin rubutu, sai kundin ya saɓa da abin da ke faifan: fayiloli biyu su yi iƙirarin gurbi ɗaya, ko fayil yana nan amma sunansa ya ɓace. Shi ya sa da an sake kunna ta takan tsaya bincike. A Windows sunan mai binciken chkdsk, a Linux kuma fsck.

Abin takaici shi ne yadda ake ɗaukar wannan bincike. Da an ga lambobi suna hawa a hankali a allo, sai wani ya ce bairos ne, ya danne maɓallin kashewa, ko ya ba da shawarar a goge faifan baki ɗaya. Wannan ganganci ne. Mai binciken yana cikin gyara kundin ne a lokacin, katse shi kuwa kan bar kundin da ɓarnar da ta fi ta farko. Lamba ta daɗe ba ta motsa ba, ba shi ke nuna aikin ya tsaya ba. Babban faifai kan ci awanni.

Gyaran ma ba dawo da aiki ba ne. Kundin ake daidaitawa. Guntayen da aka rasa mai su, Windows kan tara su a jakar FOUND.000, Linux kuma a lost+found, ba suna sai lamba. Abin da bai kai faifai ba kafin wuta ta tafi, ya tafi.

Sai dai tsare-tsaren ajiyar fayil irin NTFS na 1993 da ext3 na 2001 suna rubuta niyyar aiki kafin su yi shi, don haka farfaɗowarsu ta 'yan daƙiƙoƙi ce. Tsarin FAT32 da ke kan filash da yawa ba shi da wannan, sai a sallami filash daga manhaja kafin a zare shi. A haɗa kwamfutar tebur da UPS, wato batirin da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta, a tabbatar da caji kafin fara gyara, kada a yi fsck kan faifan da ake aiki da shi. Faifan da ke yin ƙarar ƙas-ƙas kuwa, a kwashe abin da ke cikinsa tukuna, domin dogon bincike na iya ƙarasa shi.