Yadda ake samun amincewar akun da aka ceto

Akun da aka ƙwato daga hannun masu fasa-ƙwaurin tsuntsaye kan shafe makonni, wani lokaci ma watanni, bai yarda da ɗan Adam ba. Da an matso kusa da kejinsa sai ya raɓe a lungu, ya tayar da gashin jikinsa, ya shiga gurnani.

Mutane da dama da suka karɓi irin wannan tsuntsu kan ɗauka cewa mugun hali ne da shi. Masana halayyar tsuntsaye kuwa sun ce tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili. Sanin wannan dalili shi ne matakin farko na samun amincewarsa.

A ƙasar Hausa an san aku da magana da wayo, musamman ma ga waɗanda suka karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam, inda aku ya kai ga zama waziri. Sai dai akun da ya fito daga akwatin 'yan fasa-ƙwauri shiru yake yi, kuma ba lalle ne ya taɓa furta kalma ko ɗaya ba.

Daga kurmi zuwa akwati

Akun da aka fi sani a Najeriya, wato mai launin toka da jar wutsiya, tsuntsun kurmi ne. Ana samunsa a dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru da Gabon da Kongo, har zuwa Yuganda da yammacin Kenya. Yana rayuwa ne cikin garke, kuma da yamma sukan taru da yawa a kan dogayen itatuwa su kwana tare.

Wannan ɗabi'a ta son jama'a ita ce masu kamu ke amfani da ita. Sukan ɗaure aku guda a kan reshe domin kukansa ya jawo 'yan uwansa, sannan su jera sanduna da aka shafa wa danƙo. Duk wanda ya sauka sai ya maƙale. Daga nan a ciro shi da hannu, a datse masa gashin fuka-fukai, a cusa shi cikin akwati tare da wasu masu yawa. Da dama kan mutu a hanya saboda ƙishirwa da zafi da cunkoso.

Alƙaluman yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, sun nuna cewa an fitar da irin wannan aku fiye da miliyan ɗaya daga Afirka tsakanin 1975 da 2013. Wani bincike da aka gudanar a Ghana ya gano cewa yawansu a ƙasar ya ragu da kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari tun daga 1992.

Amurka ta taƙaita shigar da tsuntsayen daji a 1992, Tarayyar Turai kuma ta haramta shi baki ɗaya a 2007. A watan Oktoban 2016, a taron da aka yi a birnin Johannesburg, ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES sun kaɗa ƙuri'ar haramta cinikin akun daji tsakanin ƙasashe. A wannan shekarar ce kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Duk da haka fasa-ƙwaurin bai tsaya ba, kuma jami'an kwastam da na gandun daji kan kama akwatuna a filayen jiragen sama da kan iyakoki.

Wanda zai koma gida, da wanda ba zai iya ba

A ƙarshen 2007, an kama tsuntsayen aku fiye da 1,000 a filin jirgin saman Douala, aka kai su cibiyar kula da namun daji ta Limbe da ke kudu maso yammacin Kamaru. An saki masu ƙoshin lafiya, aka riƙe sauran har gashin fuka-fukansu ya sake tsirowa. Cibiyar Lwiro da ke gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ita ma tana irin wannan aiki, tare da tallafin ƙungiyar World Parrot Trust.

A irin waɗannan cibiyoyi ba a so tsuntsu ya saba da mutum, domin tsoron ne zai kare shi idan ya koma kurmi.

Amma akwai waɗanda ba za su iya komawa ba. Wani fiffikensa ya karye, wani ya rasa ido ko yatsu, wani kuma ya shekara goma a keji, mai shi ya rasu ko ya gaji da shi. Irin waɗannan ne kan faɗa hannun sabon mai riƙo. Tun da aku kan rayu shekara 40 zuwa 60 a hannun mutane, wanda ya karɓe shi ya ɗauki amana mai tsawo.

Makonnin farko

Abu na farko shi ne a kai shi wurin likitan dabbobi, kuma a killace shi nesa da kaji da tantabaru da sauran tsuntsayen gida na aƙalla kwana 30. Akwai wata cuta da aku kan ɗauka wadda ke kama ɗan Adam ta hanyar shaƙar ƙurar busasshen kashinsa, tana haddasa zazzaɓi da ciwon huhu. Ana warkar da ita da magani idan an gano ta da wuri. Bayan haka, tsuntsun da ke fama da ciwo ba ya koyon komai, kuma aku gwani ne wajen ɓoye rashin lafiyarsa.

Sai wurin da za a ajiye keji. A daji, shaho da sauran masu farauta daga sama suke kawo hari, saboda haka aku ba ya son a tsaya masa a ka. Ana so kejin ya kasance a daidai ƙirjin mutum ko idonsa, a jingine shi da bango, a kuma rufe gefe guda da mayafi domin ya samu maɓoya. Tsakiyar tsakar gida, inda yara da kyanwa ke kewaye shi ta kowane ɓangare, ba wurin sabon aku ba ne.

A kwanakin farko, aikin mai riƙo shi ne ya zuba abinci, ya sauya ruwa, ya share keji, duk a lokaci guda kowace rana, kuma cikin nutsuwa. Tsuntsun da ya san abin da zai faru da kuma lokacin da zai faru ya fi saurin kwantar da hankali. Yana kuma bukatar barcin sa'a 10 zuwa 12 cikin duhu.

Hannu shi ne abin tsoro

Hausawa kan ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A wurin akun da aka kamo daga daji, hannun mutum shi ne macijin. Hannu ne ya ciro shi daga danƙo, hannu ne ya yanke masa fiffike. Don haka kuskure mafi yawa shi ne zura hannu cikin keji domin a shafa shi.

Wasu kan ce a naɗe shi da tawul a riƙe har ya daina fizga. Masana irin su Susan Friedman ta Jami'ar Jihar Utah a Amurka, wadda ta shahara wajen nazarin halayyar aku, sun yi gargaɗi kan irin wannan tilastawa. Tsuntsun kan yi shiru ne saboda ya ga babu mafita, kuma da zarar ya samu dama zai yi cizo ko ya gudu.

Hanyar da suka ba da shawara ita ce a bar wa tsuntsun zaɓi. Mai riƙo ya zauna nesa, a tazarar da aku bai damu da shi ba, ya ba shi gefe maimakon ya fuskance shi, kada kuma ya zura masa ido, domin haka mafarauci ke yi. Yana iya yin karatu a hankali ko sauraron rediyo. Idan tsuntsun ya ci gaba da cin abincinsa ko gyaran gashinsa, to tazarar ta yi daidai. Bayan kwana biyu ko uku sai a matso da kujera taku ɗaya. Idan ya yi gurnani ko ya koma lungu, sai a ja da baya.

Ja da bayan nan darasi ne a wurinsa. Yana koya masa cewa idan ya nuna ba ya so, za a ƙyale shi, don haka ba sai ya kai ga cizo ba.

Mataki na gaba shi ne abinci. A lura da abin da ya fara ɗauka a cikin kwanonsa, a cire shi daga abincin yau da kullum, ya zama sai daga wurin mai riƙo kaɗai yake samunsa. Da farko a jefa shi cikin kwano a wuce, ba tare da tsayawa ba. Sannu a hankali zai fara danganta zuwan mutumin da alheri. Daga baya a miƙa masa a bakin dogon cokali ta tsakanin ƙarafan keji, sannan da yatsu.

Idan ya saba karɓa, ana iya koya masa taɓa bakin wani ɗan tsinke da bakinsa, a ba shi lada nan take. Da wannan tsinken ake jagorantarsa ya matsa daga wannan reshe zuwa wancan, ya hau sanda, daga ƙarshe ya hau hannu da ƙafarsa. Minti biyar sau biyu a rana ya isa, kuma a tsaya tun bai gaji ba.

Idan ya yi cizo, ba a dukansa, ba a yi masa tsawa, ba a kuma watsa masa ruwa. Horo guda ɗaya kan rushe aikin wata guda.

Karanta jikinsa

Aku kan sanar da halin da yake ciki kafin ya yi cizo. Idan ya lafe gashinsa ya miƙe tsaye kamar sanda, a tsorace yake. Idan ya tayar da gashin wuya, ya sunkuyar da kai, baƙin idonsa na tsukewa yana buɗewa da sauri, gara a dakata.

Alamun natsuwa su ne ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya yi hamma, ya miƙe fiffike da ƙafa lokaci guda, ko ya riƙa goga bakinsa na sama da na ƙasa yana fitar da 'yar ƙara gab da barci. Ranar da ya yi gyangyaɗi alhali mutum na zaune kusa da shi, an ci rabin tafiya.

Fige gashin jiki kuwa alama ce ta ciwo ko kaɗaici ko damuwa, kuma tana bukatar ganin likita. Tsuntsu ne mai kaifin ƙwaƙwalwa. Akun nan mai suna Alex, wanda Irene Pepperberg ta yi nazari a kansa daga 1977 har mutuwarsa a 2007, ya san kalmomi fiye da 100, yana bambance launuka, yana kuma ƙirga abubuwa har shida. Tsuntsu mai irin wannan basira ba ya jure zaman banza, don haka ana ba shi rassan itace da kwali ya tattauna, a kuma ɓoye masa abinci ya nema. Amma sabon abu a fara ajiye shi daga nesa, domin aku na tsoron abin da bai saba gani ba.

Abinci da iska

A kurmi yana cin 'ya'yan itatuwa da ƙwayoyi, musamman kwakwar manja. A gida ana haɗa masa gwanda da mangwaro da ayaba da karas da ɗanyar masara da ganyaye. Gyaɗa zalla ba ta isa ba, kuma wadda ta yi funfuna tana lalata masa hanta. Piya da cakulan da shayi da abinci mai gishiri duk suna cutar da shi.

Huhunsa ba ya jure hayaƙi. Turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa ko na fesawa, da hayaƙin janareto, da na kaskon tuya marar kamu idan ya yi zafi fiye da kima, duk suna iya kashe shi. A yankuna masu bushewa kamar arewacin Najeriya da Nijar, lokacin hunturu yana bukatar kariya daga ƙura da sanyin dare, da kuma kwanon ruwa mai faɗi da zai yi wanka da kansa.

Hakkin da ke kan mai riƙo

Malamai da dama sun halatta ajiye tsuntsu a keji bisa sharaɗin a ciyar da shi, a shayar da shi, kada kuma a cutar da shi. Sukan kafa hujja da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ta ba ta abinci ba har ta mutu.

Masu fafutukar kare aku na jan hankali kan wani batu kuma. Wanda ya ga aku a kasuwa cikin mawuyacin hali ya saye shi don tausayi, kuɗinsa ne za su sa a sake komawa kurmi a kamo wasu. Abin da suka ba da shawara shi ne a sanar da jami'an kula da gandun daji.

Game da tsawon lokacin da amincewar kan ɗauka kuwa, ya danganta ga tsuntsun. Wanda aka rena a gida tun yana ƙarami kan sake cikin makonni kaɗan. Wanda aka kamo da girmansa yana iya shekara kafin ya karɓi abinci daga hannu, wani ma har ya mutu ba zai yarda a taɓa shi ba. Masana sun ce ko da iyakarsa ke nan, matuƙar yana ci, yana wanka, yana fito idan ya ji muryar mai riƙonsa, to ya amince gwargwadon abin da zai iya.