Haƙori da Katangar Laka a Lokacin Marka

Duk wanda ya taso a gidan ƙasa ya san ba ruwa kamar da bakin ƙwarya ne ke kayar da katanga ba. Irin wannan yakan zo da iska da tsawa, ya zuba, ya ɗauke, rana ta fito ta busar da jikin ginin. Abin da magidanta ke tsoro shi ne marka, wajen watan Agusta, lokacin da za a wuni ana yayyafi, a kwana ana yi, laka ta rasa sararin bushewa. Gindin katanga ya jiƙe, yaɓe ya fara zubewa, wata asuba sai a ji rim.

Haka zaƙi yake yi wa haƙori, kuma a nan ne samari da 'yan mata da yawa ke kuskuren lissafi. Sa farce ka kankari gindin haƙorinka da safe, za ka ga wani abu fari-fari mai danƙo. Gidan ƙwayoyin cuta ne. Da sukari ya shiga baki sai su cinye rabonsu, su fitar da sinadari mai tsami, cikin 'yan mintoci ya fara narkar da farin ɓawon haƙori. Yawu ne ke zuwa ya wanke tsamin, ya mayar wa haƙorin abin da ya zaizaye, amma sai ya samu rabin awa zuwa awa guda babu wani sabon zaƙi. Wani likitan haƙori Ba'amurke, Robert Stephan, ya auna wannan hawa da sauka tun a shekarun 1940.

To dubi yadda wuni ke tafiya. Ɗaliba tana da alawa a aljihun jaka, ta tsotsi ɗaya a aji, ta ƙara wata a hanya, ta bi da cingam. Mai Keke Napep ya soke gorar lemon ƙara kuzari a gefen kujera, duk inda danja ta tsayar da shi sai ya kurɓa. Da yamma a majalisa ga shayi zagaye uku, kowanne sukari har yana kama leɓe. Gorar lemon kwalba mai rabin lita tana ɗauke da sukari kusan giram 50, wato kimanin ƙaramin cokali 12, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka wa baligi a yini ɗungurungum. Wanda ya shanye ta tare da abinci ya yi wa haƙoransa ruwa ɗaya, an ɗauke. Wanda kuwa ya riƙe ta awa biyu yana latsa waya yana kurɓa, marka ya saukar musu.

Dare ya fi komai muni, domin idan barci ya ɗauke mutum yawu yana raguwa ƙwarai. Amma yawancin matasanmu da safe kawai suke goge baki, kuma mu faɗi gaskiya, don hancin mutane suke yi, kada budurwa ko abokin zama ya kau da kai. Da dare sai a tsaya wurin mai shayi, a ci Indomie da ƙwai, a kora da shayi mai kauri, a kwanta da waya a hannu. Haƙori ya kwana a jiƙe cikin tsami, mai gyaran kuma ya tafi hutu. Da za a ce mutum ya zaɓi lokaci ɗaya, da na dare zan ce ya riƙe, ko da yake sau biyu ne ka'ida, minti biyu kowane karo.

Maginan da sukan shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa ya riƙa zamewa. Makubar haƙori ita ce sinadarin fuloraid da ke cikin man goge baki. Duba jikin kwalin, mai kyau na manya za ka ga an rubuta lamba tsakanin 1,000 da 1,500. Sai dai mun saba da kurkure baki da ruwa sau uku bayan gogewa, kamar wanda ya gama shafe ya ɗauko bokiti ya sheƙa wa bangon. A tofar da kumfar kawai, a bar sauran ya kwana.

Asuwaki ba abin rainawa ba ne. Sunna ce, kuma yana share danƙon nan sosai a hannun wanda ya iya. Matsalar ita ce da yawa taunarsa suke yi a gefen baki suna hira, su ɗan goga na gaba, turame na can ciki ba su san ana yi ba. A haɗa shi da buroshi mai laushi, a canza buroshin bayan wata uku ko da zarar gashinsa ya baje. Gawayi da toka da gishiri kuwa, da haɗin lemon tsami da ake tallatawa a TikTok don farin haƙori, kankare ɓawon suke yi. A makon farko a ga haske, daga baya ɓawon ya yi siriri, launin rawaya na ƙarƙashi ya bayyana, ruwan sanyi ya gagari mutum.

Inda haƙori ya rabu da katanga shi ne wurin gyara. Bayan damina ana kwaɓa ƙasa a sake gini, amma haƙorin da ya yi kogo ba ya cikewa da kansa. Manyan turame na farko tun yaro yana shekara 6 suke fitowa, iyaye su ɗauka na nono ne za a famfare, alhali da su za a tsufa. Kafin ya kai 16 sun yi shekara 10 suna shan wahala, shi ya sa su ne suka fi saurin ruɓewa cikin haƙora 32 na baligi. Babu wata tsutsa a ciki, komai abin da mai maganin kasuwa ya nuna maka a kan tsumma bayan ya turara maka hayaƙi. Kanunfari yana kwantar da zogi na ɗan lokaci, ba ya toshe rami. Idan kuma ciwon da ya hana barci ya ɗauke haka kawai, sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ruɓar tana ci gaba a ƙasa har kumatu ya kumbura. Ƙaramin kogon da likita zai yi wa ciko a zama ɗaya, idan aka bar shi, ƙarshensa cirewa.

Dasashi mai zubar da jini ma haka. Mutum ya ga ja a kumfa sai ya daina goge wurin, alhali danƙon da ya taru a gindin haƙori ne ya kumbura naman, kuma gogewa a hankali kullum takan tsayar da jinin cikin mako ɗaya ko biyu. Wanda ya riga ya daskare ya zama tsakuwa a bayan haƙoran ƙasa, buroshi ba ya iya masa, sai an je asibitin haƙori an kankare.